Sifana Mai Lamba Sha Bakwai

Karo na shida ke nan Mai Kunne yana murza makullin tarakta, ta yi tari sau biyu ta mutu. Iska ce ta shiga bututun mai, ya sani sarai. Sai dai fitar da iska aikin mutum biyu ne: ɗaya a kan kujera yana murza makulli, ɗaya a ƙasa da sifana yana sassauta noti har kumfa ya ƙare, mai ya fito zalla. Shi kuwa shi kaɗai ne a rumfar bayan gida.

Ba gona gare shi ba, balle a ce noma zai yi. Gawar tarakta ce ya sayo shekara ashirin da biyar da suka wuce, yana ta lallaɓa ta duk ranar Asabar. Da can 'yarsa Auta ce mai riƙe masa sifana, tun tana ɗarewa kan bulo kafin ta kai tsawon injin.

Matarsa ta leƙo, hannu a ƙugu.

"Maigida, wata huɗu ke nan Auta ba ta tako gidan nan ba, kai kuma ka tare a gindin ƙarfe. Ranar da ka kwanta ciwo, taya ce za ta miƙo maka ruwa?"

"Ta san hanya."

"Ku biyun nan, kamar da taurin kai aka yaye ku," in ji ta, ta koma ciki.

Abin da ke cin ransa ba a rumfar yake ba. Shekara talatin da huɗu yana gyaran injuna a kamfanin kwalabe. Sukurudireba yake kafawa a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙinta, ya faɗi ciwon tun kafin ya bayyana. A nan ya samo sunansa. Sai kamfani ya sauya masu shi, wata huɗun da suka wuce hedikwata ta turo sabuwar Manaja da sabuwar doka: ba mai tsayar da inji sai ya cike fom a na'ura, an amince daga sama. Mutanen da ba su taɓa jin warin girisi ba, wai su ne za su gaya masa lokacin da inji ke kuka.

Ranar Talata ya ji boris ɗin inji na huɗu, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki, yana gurnani. Bai jira kowa ba, ya kashe shi. Aiki ya tsaya awa uku.

Ranar Alhamis Manaja ta kira shi ofis. Shekarunta a duniya ba su kai shekarunsa a kamfanin ba. Ta nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ta turo masa takarda: ya sa hannu cewa ya yi kuskure kuma ba zai sake ba, ko a sallame shi ranar Litinin.

"Ba kuskure na yi ba, ranki ya daɗe," in ji shi. Yadda yake furta wannan "ranki ya daɗe", gara zagi.

Ba ta ɗago ba. Tana ta murza wani tsohon tabo da ke babban yatsanta har ya fita.

Tsoro yake ji, ko da bai faɗa wa kowa ba. Mutumin da ya haura sittin, wa zai ɗauke shi aiki? Amma a ce ya sa hannu a kan ƙarya, ya ce kunnensa banza ne, wannan kam sai dai a yi abin da za a yi.

Ya murza makulli karo na bakwai. Batir ya fara ja da baya.

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Ko bai duba ba ya san kukan injin motar kamfani. Ya ji matarsa ta buɗe ƙofa ba tare da ta tambayi ko wane ne ba, sannan takun takalmi ya biyo gefen gida kai tsaye zuwa rumfa. Manaja ce, da ambulan a hannu.

"Yau Asabar ce, ranki ya daɗe. Ba na sa hannu a gidana."

Ta ajiye ambulan a kan murfin taya.

"Na sa an buɗe inji na huɗu," in ji ta. "Boris ɗin ya cinye, saura ƙiris ya tarwatse. Na aika wa hedikwata hoto, suka ce doka doka ce. In ba ka sa hannu ba, ni zan sa hannu a takardar sallamarka. In na ƙi, mu biyu za mu tafi."

Wata huɗu yana tara maganganu masu ɗaci, yau ga ta a gabansa, idanunta jajir, ba ko ɗaya da ta fito. Ya juya ya sake murza makulli, don dai hannunsa ya sami abin yi. Tarakta ta yi tari ta mutu.

Manaja ta karkata kai tana saurare. Ta cire agogonta ta sa a aljihu, ta miƙa hannu bango ba tare da ta duba ba, ta zaro sifana mai lamba sha bakwai daga ƙusa ta uku. Ta durƙusa a kan tsohon bulon, ta ɗora yatsan nan mai tabo a kan notin da ya yanke shi tana 'yar shekara tara.

"Iska ce," in ji Auta. "Murza a hankali, Baba, kada batir ya mutu."