Tiren Tuffar Inna

A unguwarmu Darrasa, can ƙasar Larabawa, da sanyi ya fara shigowa, Inna ta jera yankakkiyar tuffa a tire, ta barbaɗa sukari da kirfa, na kai gidan burodi a gasa. Tire ya tafi a cike, ya dawo rabi.

"Buɗe bakinka," in ji Inna, ga muciya a hannu. Ta shinshina, ba ƙamshin kirfa.

Ta ja ni har gaban mai burodin. "Ya Hajji, buɗe naka."

"Ma'alish, Hajiya, yi haƙuri, wuta ce ta shanye."

Yanzu jikata ke gasawa, ina zaune ina gadi, kuma wallahi tuffar tana raguwa. To, na gani. Amma ku masu ilimi, me ya sa mai burodin nan ya ƙi buɗe baki, ya amsa ta cikin haƙora?