Kwanar Yamoransa

Kwana uku tirelar ta yi tana jan ciki daga dajin Goaso, kuma a kwana ukun nan Maame Araba ba ta yarda ta yi gyangyaɗi a gaban mota ba. Idonta na kan madubi, inda take hango jirginta ɗaure da sarƙoƙi, an maƙala masa jan ƙyalle a baya.

Jirgin kamun kifi ne na teku, ƙafa sittin da biyu, an sassaƙe shi daga gungume guda. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana bandar kifi a Anomabo, har hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya, kafin ta iya sa masassaƙa su sare mata bishiya. Duk tsawon shekarun nan jiragen wasu take jira a bakin ruwa, a ba ta ragowa. Yanzu saura mako guda gwamnati ta buɗe teku bayan hutun kamun kifi na shekara, kuma ta rantse bana da nata za a fita.

Ashe sassaƙar ce mai sauƙi. Cikin jirgin ya zarce gadon tirela ta kowane gefe, wutsiyarsa ta leƙo ta baya, don haka ba ya hawa titi sai da takardar izini. Takardar kuwa ba ta san wasa ba. A cikinta ake rubuta hanyar da za a bi, da gadojin da za a hau, da garin da za a sauke. Direban da ya kauce ko da taku ɗaya, a kama shi da kayan duka.

Ɗanta tilo, Ekow Baiden, shi ya sha wannan wahala. Mako uku yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce awon bai yi ba, gobe a ce mai sa hannu ya tafi jana'iza. Ita da ba ta taɓa zama a aji ba, nata dangwala yatsa ne duk inda ya nuna mata. Har ramewa ya yi, ga matarsa ta kwashi yara ta tafi ganin gida Axim, babu mai dafa masa.

Ranar da aka ɗora jirgin ya ce, "Maa, ki hau bas ki jira mu a gida. Wannan hanya ba ta tsofaffi ba ce."

"Tsohuwar da ta saya ita za ta rako abinta," in ji ta.

Ya yi lallashin duniya, ta ƙi. Daga ƙarshe ya ce to shi zai yi gaba, ya tara majiya ƙarfin da za su ja jirgin zuwa ruwa.

Direban kuwa, wani dogo mai suna Kaku, tun farko bai kwanta mata ba. Ba ya haɗa ido da ita. In wayarsa ta yi ƙara sai ya sauka ya zagaya bayan taya. Takardun ma a cikin riga yake cusa su. Duk da haka kullum sai ta raba dokununta, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi biyu ta miƙa masa rabi. A Assin Fosu, bakinsa cike da abincinta, ya tambaye ta ko a mararrabar Yamoransa za ta sauka.

"In sauka in bar wa uban wa?"

Ya ci gaba da taunarsa.

Da hantsin rana ta uku iska ta fara kawo ƙamshin gishiri. Ga mararrabar Yamoransa. Hagu ita ce Anomabo, tafiyar da ba ta kai a gama cin kwano guda ba. Maame Araba ta gyara ɗaurin kai, don ta san rabin gari na bakin teku.

Kaku ya karya kan mota dama.

"Kai! Ina za ka?"

"Takarda nake bi, Maame."

Ta cafki sitiyari, ya ɓamɓare hannunta. Ta zura kai ta taga tana kururuwa, "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawon jirgi!" Allah ya taimake ta, akwai shingen 'yan sanda gaba kaɗan. Tun motar ba ta gama tsayawa ba ta diro, ɗankwali ya yi nasa wuri.

Wata saje mai jiki ta karɓi takardun daga hannun Kaku. Maame Araba ta kira Ekow sau huɗu, wayar a kashe. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yaron nan nata. Mako uku yana bin layi, ashe macuta sun musanya masa takarda a bayan idonsa. Da wane baki za ta gaya masa? Ta nuna Kaku da yatsa.

"Kwana uku kana cin abincina, la'ananne! Kwana uku!"

Sajen ta sa aka ja awo tsawo da faɗi. Ta duba hatimi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga takarda a rana, sannan ta girgiza kai.

"Maame, ba abin da aka musanya. Tun ranar farko Axim aka nema, Axim aka bayar. Mai jirgin da kansa ya cike. Ga ma yatsan wata Araba, ta sallama masa jirgin kyauta."

"Wane mai jirgi? Ni ce mai jirgi! Karanta mini sunan ɓarawon. Ko a ƙarƙashin teku yake, ɗana zai tono shi."

Kaku ya juya baya, ya kama taɓa sarƙar da ba ta kwance ba. Sajen ta bi layin da yatsa.

"Ekow Baiden," ta ce. "Kin san shi?"