Kowa Likita Yake Ce Mata

Yajin aikin malaman jami'a ya sake maido Bara'atu gida Gummi. Saurayinta Namadi ya iske ta a zaure, littafin likitanci a kife bisa tabarma.

"Likita," ya ce, yana jujjuya makullin babur, "in turo magabatana?"

Ta daɗe tana kallonsa da gajiyayyun idanu.

"Har Inna Likita take ce mani. Ina cin jarrabawa, ana guɗa, amma ba wanda ya taɓa tambayata ko ina son karatun ga."

Ya sunkuyar da kai. "Kina son shi, Bara'atu?"

"A'a, kuma ba zan koma ba." Ta miƙe, ta bar littafin nan. "In ni kake so, ba Likita ba, turo su."