Bawul ɗin da Makanike Ya Ɗaure

Tunda ka ce kunya ce ta hana ka komawa ka gaya musu kuskuren naka ne, zauna in ba ka misali.

An yi wani makanike a wata masana'antar takardar tishu, mutum mai hannu, irin wanda in ya taɓa ƙarfe sai ƙarfen ya ji magana. A jikin injinsu akwai wata ƙatuwar gangar ƙarfe, ta fi ɗaki tsayi. Ana cika cikinta da tururi, jiƙaƙƙiyar takarda ta manne a bayanta ta zagayo, kafin ƙiftawar ido ta fito a bushe. To shi tururi, in ya ba da zafinsa ruwa yake komawa, shi ya sa aka yi wa gangar bututun da ruwan zai riƙa fita. Bututun nan kullum yana tofar da ruwa yana huci a bayan ɗakin inji. Wata rana makanike ya dubi hucin ya ce wannan ai ɓarna ce, ya sa sifana ya ɗaure bawul ɗin bututun, wato abin da ke buɗe hanyar ruwan ya rufe, ya bar 'yar kafa kaɗan. Huci ya lafa, manaja ya tara ma'aikata ya yaba masa a gaban kowa. Gogan naka ya yi sati guda yana tafiya kamar shi ya ƙera injin.

Sannu a hankali tsatsa ta ƙarasa toshe 'yar kafar da ya bari. Takarda ta fara fitowa da danshi, tana tsinkewa, tana manne wa juna. Aka rage gudun inji, ba ta sauya zani ba. Da aka rasa ta cewa, sai ido ya koma kan dattijon da ke hura tukunyar tururi, mutumin da ya shekara goma sha tara yana aikin nan ba a taɓa kama shi da gyangyaɗi ba. Aka ce tsufa ya zo masa, wutarsa ba ta kai. Ya ƙara wuta har yana tsoron tukunyar, takarda dai na nan jiya i yau. Daga ƙarshe aka gaya masa ranar Alhamis zai miƙa makulli, an samo wani.

Ana saura kwana biyu, makanike ya ɗauki dogon ƙarfe ya dafa a gindin gangar, ya kara kunnensa a ɗaya bakin, yadda masu sana'arsa ke sauraron cikin inji. Me zai ji? Ruwa ne ke tambal-tambal a ciki, ya kwanta ya tare tsakanin tururi da jikin ƙarfe. Ko da dattijo zai ƙona itacen duniya, zafin ba zai isa ga takarda ba. Nan take makanike ya gane, don ya san hannunsa ne ya ɗaure hanyar ruwan.

Ga kuma hanya mai sauƙi a buɗe. Abin da kawai zai yi shi ne ya bari sai Alhamis ta wuce, ya zaga baya ya kwance bawul ba wanda ya gani. In ya yi haka, sai takarda ta bushe, kowa ya ce ai ga shi nan, dama dattijon ne, sabon mai wuta ya sha yabo, shi kuma sunansa na nan fes. Ya tsaya da sifana a hannu yana wannan saƙe-saƙe, sai ya hango dattijon ta taga yana goge ma'aunin tukunya da gefen rigarsa, kamar ba shi aka sallama ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ta fi ta tonon asiri ciwo.

Bai taɓa bawul ɗin ba. Ya je ya kira manaja, ya kira dattijon, ya kira duk wanda ya tafa masa a wancan karon. Ya sa aka tsayar da inji, ya nuna bawul da yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar Baba ba ta da laifi. Ni na ɗaure nan, kuma ni kuka yaba wa." Sannan ya kwance. Ruwa ya yi ta bulbula, jajawur da tsatsa, har ya cika kwata ya malala tsakar gida, mutane na ja da baya suna tattare ƙafar wando. Manaja ya wanke shi tas, shi kuma makanike ya sunkuyar da kai ya shanye.

Abin da ya fi burge ni da mutumin nan, bai tsaya a ban haƙuri ba. Ya cire tsohon bututu ya sa mai faɗi. Ya ɗaura masa wata 'yar na'ura mai barin ruwa ya wuce ta tare tururi, ya juya ruwan zafin ya koma tukunya maimakon ya zube a ƙasa, ya kuma sa ɗan gilashi a jikin bututun don ko mai shara ya wuce ya ga ko ruwa na gudu. Da aka tayar da inji, takarda ta fito a bushe da laushinta, da gudun da ba su taɓa samu ba, wutar ma ba ta kai ta da ba. Alhamis ta zo ta wuce, makulli na aljihun dattijo. Daga ranar, in makaniken nan ya ce ga inda ciwon inji yake, ba mai musu, domin an ga ko kansa bai ƙyale ba.

Don haka tashi ka koma ka gaya musu da bakinka, tun kafin a ɗora wa wani kayanka. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.