Fuskar Guduma

Ermelinda ce ke cire masa ƙayar kifin sardin ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa Kawu Amílcar yana ta mita wai gishiri bai ji ba. Shekarunsa tamanin da shida, hannu na rawa, amma bakin nan ko kaɗan bai tsufa ba.

"Hannunki irin na ubanki ne," in ji shi. "Duk abin da kuka taɓa sai ya yi lami."

Ta yi dariya kamar kullum. Ba su haɗa jini ba, aminin mahaifinta ne, amma shi ya riƙe ta tun tana shekara bakwai, shi ya kama hannunta zuwa cikin coci ranar aurenta. Kuma kaf birnin Porto babu wanda bai san shi ba, don shi ya ƙirƙiro Masu Gadin Gada.

A 1968 ya fara zana su a wata mujallar yara ta mako-mako, jarumai biyar masu rufe fuska. Akwai mai tsallake kogin Douro da taku ɗaya, akwai Guduma mai tare jirgin ƙasa da ƙirji. Lokacin mulkin danniya ne, ko tari mutum zai yi sai ya waiga. Da aka shiga shekara ta uku sai jaruman suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya yaye abin rufe fuskarsa kafin ya faɗi. Mutanen unguwa suna dubawa sai su ga fuskar ta wani ce da suka sani, wanda 'yan sandan ciki suka ɗauke wata guda da ya wuce. Su biyar ne masu buga takardun adawa a ɓoye, kuma babu wanda ya dawo. Aka riƙa miƙa mujallar daga hannu zuwa hannu, ana cewa ba a taɓa ganin mai ƙarfin hali irin Amílcar ba, wanda ya yi wa abokansa makoki a gaban idon hukuma.

A zamanin, kowane shafi sai an kai shi ofishin tace rubutu kafin a buga. Mutane ne da ko gwiwar mace suka gani a zane sai sun soke ta, amma shafukan nan biyar suka wuce sumul.

"Jakuna ne," haka yake faɗa wa 'yan jarida. "Wa zai tsaya kallon zanen yara?"

Guduma ne na ƙarshe, kuma fuskar Belmiro ce, mahaifin Ermelinda. Ranar tara ga Maris 1971 suka kama shi a ƙofar makarantarsu, hannunta na cikin nasa. Suka birkice gidan, suka kwashe hotuna har na aure. Abin da ya rage mata na fuskar ubanta shi ne zanen da ya fito a watan Afrilu, bai kai tafin hannu ba, tawada ta yi dabbare-dabbare a kan takarda mai arha.

Shi ya sa da aka tashi baje kolin cikar jaruman shekara hamsin, ta ƙwallafa rai a kan babban shafin asali. Kawu ya ce ya ƙone shafukan tuntuni. Ita kuwa ba ta haƙura ba, wata takwas tana zarya gidajen adana takardu, har ranar da wata ma'aikaciya, Dona Graciete, ta kira ta. An sami kwalin tsohon ofishin tacewa, shafukan suna ciki.

Da Ermelinda ta gaya wa Kawu, sai ya ajiye cokali.

"Wa ya aike ki?"

"Kawu, so nake in ga fuskar Baba sosai, ko sau ɗaya."

"Kusan shekara hamsin kina bin zane kamar 'yar goye. Ki bar matattu su huta, sakarya."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Amma ta san shi da tsanar a yabe shi, sai ta goge masa baki, ta ba shi maganinsa, ta ɗauki jakarta.

Washegari da hantsi Dona Graciete ta sa safar hannu, ta shimfiɗa shafin a kan tebur. Ga Belmiro nan da girmansa, ga wushiryarsa, ga tabon gira, har da tawadar Allah a gefen wuya. Duk wanda ya ga zanen nan, ko a tsakiyar kasuwa ne zai tsamo mutumin. Ermelinda ta yi kuka har ta gaji, tana sa wa Kawu albarka a zuci.

"Bari in juya, mu bayan takarda muke rubutawa a rajista," in ji Dona Graciete. "Mutane ranar bugawa suke kallo, ba su san masu zanen nan suna gaba da mujalla da makonni ba. Shafi kan iso ofishin tun..."

Ba ta ƙarasa ba. Hatimin karɓa na nan da jar tawada, biyu ga Maris 1971, mako guda kafin kamun. A ƙarƙashinsa akwai layi biyu da fensir, cikin kyakkyawan rubutun nan na Kawu da Ermelinda ta koyi karatu da shi:

"Na biyar ke nan, na ƙarshe. Ku jira shi a ƙofar makaranta ƙarfe takwas, ba ya fashin kai yarinyar, kuma ba zai gudu ya bar ta ba."