Kafin Su Sauke Shi

"Goge shi, Hajiya," in ji mijinta. "Kwana bakwai da rasuwar yaron nan, da wannan abin kunyar kike so jama'a su tuna shi?"

Ta ce to. Yana fita masallaci ta sake kunna bidiyon.

Wata Baturiya ce ta ɗauka da waya a wani gidan rawa da ke Gate City, can Amurka, ta turo wa ƙanwar yaron bayan hatsarin da ya yi ajalinsa. Hoton sai girgiza yake. Mai ganga yana duka kamar zai fasa ta, ga hayaƙi, ga ihu. Ga kuma ɗanta a kan dandamali, ba riga, jita a wuya, shi da ya shekara uku yana ce musu a wani sito yake aiki a Wendover.

A minti na huɗu ya ajiye jitar, ya juya baya, ya faɗa kan taron. Hannuwa suka tare shi, suka riƙa miƙa shi a kwance saman kawunansu, yana irin dariyar da rabonta da ita tun yana firamare.

Ranar jana'iza tana ɗaki, don mata ba sa rakiya. Ba ta ga ɗaukarsa ba, tashin motoci kawai ta ji.

Wannan ɗaukar kaɗai gare ta. Kullum in aka zo wurin sai ta danne hoton da yatsa, kafin su sauke shi.