Allurar da Hulda Ta Kawo

Hulda ta shiga ɗakin maza na asibitin da leda a hannu, fuska a sake kamar mai kai gudummawar biki. Shekara biyu ke nan ba ta ce wa Nicholas ko sannu ba, alhali majami'arsu ɗaya a Kafanchan, shi dattijon ikilisiya da ake kira Baba Elda, ita 'yar zumuntar mata. Ta tsane shi, tsanar da ko abinci ba ta bari ya yi mata daɗi. Ta taɓa kai ƙararsa gaban dattawa, suka ce ba ta da shaida, suka karanta mata ayar gafara. Ta ce amin, ta koma gida.

Yau ga shi kwance. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kagoma, ya raina ciwon, har ƙafar ta kumbura ta soma wari, cutar ta shiga jini. Likita bai ɓoye masa komai ba: allura ta jijiya, safe da yamma, kwana bakwai, kuma a fara yau. In aka yi jinkiri sai an yanke ƙafar, in ma an yi sa'a ke nan. A asibitin kuwa maganin ya ƙare, sai dai dangi su sayo a waje kamar yadda aka saba.

A nan Nicholas ya kafe. Tun likita bai gama rubuta sunan maganin ba ya ce a je Jos a sayo. Matarsa Emilia ta buɗe baki za ta yi magana, ya watsa mata harara, ta haɗiye. Ta ɗauka zazzaɓi ne ya taɓa masa kai, ta tura ƙaninsa tasha. Da azahar ƙanin ya bugo waya, wai mota ta lalace a hanya, sai gobe.

Ana cikin wannan Hulda ta iso. Ta zazzage ledar a kan gado: ƙananan kwalabe goma sha huɗu, kowace da farar hodarta, ba a ɓalle ko ɗaya ba. Da ta ji labarin maganin da ake nema, buhun cittarta ta sayar da safen nan ta sayo su.

"Maman Zipora, ke da kanki?" in ji Emilia, ta rungume ta tana hawaye. Dattawa biyu da suka zo yi masa addu'a suka jinjina kai, ɗaya ya ce ai wannan ita ce wa'azin Lahadi mai zuwa.

Sista Lai'atu, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, ta duba kwanan wata, ta duba murfi, ba ta ga aibu ba. Ta zuƙo ruwan allura ta tsira wa kwalba ɗaya, ta shiga girgizawa. Nicholas ya miƙa hannu ya ɗauki wata, ya juya ta, ya kankari gefen takardarta da farce. Nan take gumi ya karyo masa.

"Sista, a bari na Jos ya zo."

"Baba Elda, ƙafa ba zai jira Jos ba," in ji Lai'atu. "Babba da kai kana tsoron allura?"

Na gadon kusa suka yi dariya. Nicholas ya dubi matarsa, ya dubi dattawan, ya dubi ƙafarsa da ta yi suntum a cikin bandeji. Ya janye hannunsa ya cusa ƙarƙashin bargo.

Hulda ta zagayo a hankali, ta zaro hannun, ta danne shi a kan katifa da ƙarfin macen da ta saba da fartanya. Daɗi ya kama ta, kuma ba ta ji kunyar daɗin ba. Lai'atu ta goge wurin da auduga, ta ɗaga sirinji.

"A ina kin samo shi?" Nicholas ya tambayi Hulda, murya can ƙasa.

Ita kuwa ta ɗaga tata yadda dattawan za su ji.

"A kemis naka mana, Baba Elda. Irin wanda ka sayar mini lokacin da Zipora tawa take kwance a asibitin nan, ka rantse orijinal ne, kwana biyar na binne ta. To, me kake tsoro?"